Sallamar da Faks Ya Amsa

Talata ce, ta uku a cikin watan Agusta, ƙarfe huɗu da minti ashirin da biyu na yamma. Mu biyu ne a falon gidana da ke Gummi, ni da matata. Ina zaune gaban kwamfuta, ita kuma tana tsintar shinkafa a faifai kusa da ƙofa, don hadari ya taso, haske ya ragu a ciki. Na san lokacin daidai ne saboda na'urar faks, wadda ke karɓar takardu ta layin waya, ta buga shi a takarda.

Wayar tebur ta yi ƙara sau biyu. Na'urar ta ɗauka kamar yadda na saita ta, ta fara kukan nan nata mai tsini. Matata ta ajiye faifai, ta miƙa hannu ta ɗaga kan wayar, ta kai kunne.

"Malam, wallahi kamar mutum nika ji."

Ban ko juyo ba. Na ce, "Ajiye. Na ce kada a ɗauka."

Ta ajiye. Na'urar ta ƙara kuka kaɗan, ta yi shiru, sannan ta turo 'yar siririyar takarda mai ɗauke da lokaci da tsawon kira, daƙiƙa arba'in da ɗaya. Gurbin lamba babu komai. Na yage ta na jefa a durowa tare da 'yan'uwanta biyu, na ci gaba da aikina.

Kalma shida na faɗa. Wadda ke ɗaya gefen layin ta ji su duka. Mahaifiyata ce, kuma ta kira ne don a ce mata ta taho gidana da zama.

Ni ne ɗan farin Inna. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Idan tana magana da matata, ni ne "mai gidanku". Idan da wasu ne, "wancan na Gummi". Ba ta kallona idan ina gaishe ta, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye in akwai wanda za a bi ta kansa. Haka muka taso muka gani, ban taɓa ɗaukarsa rashin ƙauna ba. Ƙanwata ta sha gaya mini cewa idan muryata ta fito a rediyo, Inna kan juya baya ta kama wani aiki, amma duk wanda ya taɓa akwatin nan da nufin sauya tasha sai ya ji a jikinsa.

A lokacin ina yi wa wata tashar rediyo aiki daga Gummi. Ina aika rahotannin yankinmu, ina kuma fassara sanarwoyi daga Turanci zuwa Hausa. Da aka sa mini wayar tebur a gida, na je ƙauyenmu da ke ƙasar Gwashi da lambobi biyu a rubuce, ta wayar hannuna da ta gida. Na ba ƙanwata ta miƙa mata. Inna ta tambayi bambancinsu, aka faɗa mata. Ta mayar da ɗaya.

"Mi zan yi da lambar aljihun mutum? A bar min ta gida, inda ake sallama a amsa."

Ta ɗaure takardar a bakin zane. Ƙauyenmu babu sabis, sai a kasuwar da ke ci ranar Talata, tafiyar sa'a guda da rabi a ƙasa. Akwai wani tela a can da ya ɗaure eriya a kan doguwar gora, yana ba mutane waya suna kira. Daga nan Inna kan kira, ba kowane mako ba, bayan ta sayar da daddawarta ta yi la'asar. Matata ce ke ɗauka. Su gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe ta ce, "Mai gidanku lahiya?" A ce lafiya. Shi ke nan. Sau da yawa ina zaune a wurin ina jin muryarta tana fitowa ƙasa-ƙasa daga kan wayar, ba a miƙo mini, ni ma ban nema.

Mahaifinmu ya rasu a farkon bazarar wannan shekara. Ranar addu'ar bakwai na ja kawu, ƙanin Inna, gefe, na ce masa idan ta fita takaba, Gummi za ta koma. Ya shiga ya daɗe, ya fito.

"Tac ce ta ji. In lokaci ya yi za ta aiko."

Na dawo na gyara ɗakin da ke gefen gabas. Na sa aka fasa masa ƙofa ta tsakar gida, aka kafa turke don awakinta.

Tana cikin takabar ne aka kawo mana sabon tsari. Wani injiniya ya zo daga Gusau da akwati mai eriya ya kafa a bango. Igiya ɗaya ta tafi kwamfuta, ɗaya ta rabu biyu, reshe guda ga wayar tebur, guda ga na'urar faks. Ya ce layin nan ɗaya zai yi mini aiki uku. Intanet yana bin hanyarsa, ba ya tare kira, ina iya aika rahoton murya matata tana hira a waya. Waya da faks ne kawai ke rabon kunne ɗaya: duk wanda ya riga ɗauka, kiran nasa ne. Na ji daɗin abin ƙwarai. Kafin nan sai na ba direban mota kaset ya kai Gusau, in yini ina tunanin ko ya manta da shi a gaban mota.

Sanarwoyin kuwa da hatimi suke zuwa ofis, a takarda, edita kuma bai yarda da komai ba sai faks. Kowace Talata da yamma ake turo mini su, in fassara in mayar ta imel kafin safiyar Laraba. Makonni biyu na farko matata ta riga na'urar ɗauka, saƙon ya lalace. Edita ya kira ni a wayar hannu yana dariya, dariyar da ba duka ce ta wasa ba.

"Kai, wace ce ke yi wa na'urata barka da yamma? Ka faɗa mata ba ta jin Hausa."

Ranar na kafa doka. Duk Talata, daga la'asar zuwa magariba, faks ne ke ɗauka, kada kowa ya taɓa waya. Matata ta ce, "Talata hwa Inna ka kira." Na ce Inna tana takaba, ba ta fita kasuwa. Gaskiya na faɗa a ranar da na faɗe ta. Abin da ban yi ba shi ne sake duba maganar da takabar ta ƙare, alhali ni da kaina na ƙirga wata huɗu da kwana goma na rubuta ranar a littafin aikina.

Talatar farko ta Agusta waya ta yi ƙara ina masallaci. Na dawo na tarar da 'yar takarda babu saƙo. Na kira edita na ce saƙonsu bai shigo ba. Ya ce ai ba su turo ba tukuna, sai biyar. Talata ta biyu ma haka. Na kira injiniya, ya ce damina ce, layi kan yi haka idan iska ta juya eriya. Na gamsu. Na hau tsani na gyara zaman eriyar da hannuna.

Duk wannan lokaci ina jiran aiken Inna. A kaina aike mutum ne: ɗan kawu a kan babur, ko wani ɗan kasuwa da zai tsaya a ƙofa ya ce an ce a gaishe ka, an ce ana jira. Bai taɓa zuwar mini cewa matar da ba ta iya kiran sunana za ta tako da ƙafarta ta yi aiken da bakinta ba. Matata ta ce in je in gani. Na ce gulbi ya cika, mota ba ta ƙetarewa, kuma ba kyau a je a tsaya wa tsohuwa a ka kamar ana korarta daga ɗakin mijinta. Gulbin ya cika, wannan haka ne. Amma a cikin watan nan na shiga kwalekwale na ƙetare shi, na hau babur zuwa wani ƙauye da ya fi namu nisa, don ɗauko rahoton gonakin da ruwa ya ci.

Sai ƙarshen Satumba na je, da motar haya da na ɗauko don kaya. Na tarar da kwaɗo a ƙofar ɗakinta. Babu awaki, babu turmi. Kawu yana zaune a zaure yana gyaran lauje. Muka gaisa, gaisuwar ta yi tsawo fiye da yadda ta saba, har na gane ba ya son a kai ƙarshenta.

"Tana Anka," ya ce. "Wurin ƙanwarka. Yau kwana ashirin."

"Kawu, ai ni aka ce za a aiko wa."

"An aika."

"Wa aka aika?"

Ya ajiye laujen ya dube ni. "Ita tat tahi da kanta. Talata ukku. Ni ban san abin da kunka ce mata ba, ba ta hwaɗi ba. Ta dawo ta ce a kira mijin ƙanwarka."

Ya aika aka kira telan kasuwa, wanda gidansa ke bayan namu. Tsarana ne, tare muka yi kiwo. Ya shigo da fara'arsa, bai san abin da ya tarar ba.

"A'a, ɗan rediyo. Ashe ka san hanya. Kai, wane irin ƙwaro ne kunka ɗaure a wayarku? Ni dai tun da nike wanga aiki ban taɓa jin gidan da ka amsa kira da kukan gyare ba."

Na ce ya ba ni labari yadda ya faru, daga farko. Ya ga fuskata, ya rage dariya.

Ya ce ranar farko ta kwance takarda daga bakin zane ta ba shi, ya buga ya miƙa mata. Ta yi sallama. Ta saurara. Ta sake yi. Ta saurara. Ta yi ta uku, sannan ta miƙo masa wayar ta ce ba kowa a gidan. Ya kara a kunnensa ya ji kukan, ya ce mata layi ne ya lalace, ya sake bugawa? Ta ce a'a, sallama uku ce, wanda ya wuce uku ya zama maroƙi. Mako na biyu ma haka, sai dai ranar an yi ruwa, ta iso zanenta a jiƙe har gwiwa.

"Na ukku hwa?"

"Na ukku ba ta kai ukku ba. Ta yi ta hwarko, ta buɗe baki za ta yi ta biyu, sai nig ga ta tsaya. Ta miƙo min. Nac ce Inna, yau ma gyaren ne? Tac ce a'a, yau akwai mutane. Sun ce a aje."

Kawu ya ɗauki laujensa ya ci gaba da wasa shi. Na sallami direba da motarsa babu kaya.

Abin da na yi bayan wannan shi ne ya fi damuna, fiye da kalmomin shida, domin su ban san da wa nake ba. Wannan kuwa da sanina na yi. Maimakon in wuce Anka a ranar, sai na koma Gummi. Na buɗe durowa na ɗauko takardun nan uku, na jera su bisa kwanan wata, na sa a ambulan. A ganina kuskure ne ya faru, kuskure kuma gyara yake so, kamar yadda muke yi a tasha idan an faɗi abin da ba daidai ba: a kawo hujja, a bayyana yadda aka yi, a nemi afuwar masu sauraro. Matata ta ga ambulan ɗin ta ce, "Malam, mi za ka yi da wannan?" Na ce Inna za ta gani da idonta cewa na'ura ce. Ta koma kan aikinta, kamar yadda ta yi ranar da na ce ta ajiye.

Na isa Anka ranar Juma'a da hantsi. Mijin ƙanwata mai sayar da hatsi ne, mutumin kirki. Ya tarbe ni a ƙofa yana sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifi. Shi ma ya san abin da ake cewa a gari idan mace tana da ɗa namiji mai gida da aiki, aka gan ta zaune a gidan suruki.

Inna tana kan tabarma a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ta rame. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta, ta amsa tana kallon ƙwaryar da ke gabanta. Ƙanwata ta zauna a tsakaninmu.

Na yi bayani. Na yi shi dalla-dalla, da irin Hausar da nake karanta labarai da ita. Na faɗi yadda layi ɗaya yake ɗaukar abu uku, yadda na'urar take ɗauka bayan ƙara biyu, yadda kukan da ta ji gaisuwa ce tsakanin na'ura da na'ura. Na fito da takardun na nuna wa ƙanwata lokutan, ƙarfe huɗu da minti goma sha takwas, huɗu da rabi, huɗu da ashirin da biyu. Ƙanwata ta miƙa mata. Ta karɓa da yatsu biyu, ta juya su gaba da baya, ta ajiye a gefen tabarma, ta ɗora ɓawon gyaɗa a kai don kada iska ta kwashe.

Ta ce wa ƙanwata, "Hwaɗa mishi na gane. Ƙarhe ne, ba shi da hankali, ba a hushi da ƙarhe."

Na ji sanyi a raina. Na ɗauka an gama.

Ta ɓare gyaɗa biyu ko uku, sannan ta ce, "Wanda yac ce a aje, shi ma ƙarhen ne?"

Ƙanwata ba ta maimaita mini ba, ba ta ga amfani ba. Na ce ban san ita ce ba. Na ce da na sani da ban faɗa ba.

"Awo," in ji Inna. "Bai san ko wa ne ba. Gidan da anka yi sallama, mai gida bai san ko wa ne ba, yac ce a aje. Ba a gidan ubanai yak koyo ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambayi ƙanwata ko an ba baƙo ruwa.

Na zauna a wurin har aka kira sallar Juma'a. A tsawon wannan zama, da duk maganar da na yi, ban ce mata ta tashi mu tafi gida ba. Na faɗa wa kawu a baya, na faɗa wa mijin ƙanwata a zaure, na faɗa wa ƙanwata da ta rako ni bakin hanya. Ita ce ban faɗa wa ba. Na saba a bi ta kan wani, har ban lura cewa ita ta riga ta karya wannan ba, ranar da ta kwance bakin zanenta a gaban tela. Ta tako sau uku. Saura nawa taku ɗaya, na tsaya ina karanta mata lokuta.

A bakin hanya ƙanwata ta ce, "Yaya, kai da ka iya magana duk ƙasar ga na saurare. Da ka shigo ka ɗauki ƙullin kayanta ka sa a mota, ko uffan ba ka ce ba, wallahi da ta biyo ka tana zaginka. Tun da taz zo ba ta kwance shi ba."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ka kawo takarda. Ta ga shari'a kaz zo yi."

Bayan mako biyu matata ta je da yara, ta kwana uku. Inna ta karɓe ta hannu biyu. Ta ce mata, "Ke ba ki da laihi, ɗiyata. Ke kin ɗauka." Matata ta roƙe ta ta taho. Ta ce in Allah ya yarda, bayan kaka. Da kaka ta wuce aka ce bayan babbar salla. Bayan salla ƙanwata ta haihu, aka ce sai an yi arba'in. A cikin haka ta kwance ƙullin, ta sa aka kafa wa awakinta turke a bayan rumbu, ta fara daddawa, matan unguwa suka san ƙofarta. Na aika kawu sau biyu. A karo na biyu ya dawo ya ce in bar ta, tsohuwa ba ta son a riƙa tumɓuke ta kamar dashen albasa.

Na cire dokar Talata tun daren da na dawo daga ƙauye. Na roƙi edita su riƙa kira a faɗa kafin su turo, ya ce ai da ma haka wasu ke yi, me ya hana ni faɗa tun farko. Ba a cika shekara biyu ba ofis ya daina faks ɗin gaba ɗaya, komai ya koma imel. Wayar tebur ta ci gaba da aiki na ɗan lokaci. A Anka akwai sabis, ƙanwata tana da wayar hannu, ita ke kiran matata, wani lokaci ta miƙa wa Inna su gaisa. Lambar gidan ba a sake kiranta daga wajensu ba.

Daga baya na faɗa mata da bakina, sau ɗaya, wata ƙaramar salla da muka je gaisuwa aka bar mu mu biyu a tsakar gida. Na ce, "Inna, ki zo gida." Ta amsa mini kai tsaye, abin da ban san ta taɓa yi ba tun ina yaro.

"Na ji. Allah shi yi albarka. Na riga na saba nan."

Ta zo Gummi sau biyu bayan haka, duka don suna, kowanne kwana ɗaya. Ta rasu a Anka shekara biyar da wannan damina, a gidan surukinta, a can kuma aka yi mata sutura.